Ragon da Ya Tuɓe Rigarsa a Tamale

Ba zan tsaya ba ku labarin fitowata daga gida ba, babu abin daɗi a ciki. Mijina ya rasu, ban haihu ba, danginsa suka raba abin da za su raba har da turmi. Na ɗaure mazarina da bakan shiɓata a tsumma, na kama hanyar Golkos, inda aka ce yayana Ɗanjuma yana sayar da goro a wani gari wai shi Tamale. Sunana Kande. A lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wannan rubutu sai da furfura ta fara leƙo ni na koye shi a ajin yamma, saboda haka wanda ya ga layina ya karkace ya yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

A Yamai aka fara koya mini karatun hanya. Wani ɗan kamasho mai haƙorin Makka ya tarbe ni da "Inna, Inna", ya ɗora ƙullina a kansa, ya rantse motar nan ba ta tsayawa sai tsakiyar kasuwar Tamale. Na biya shi kuɗin Tamale. Motar ta kai Fadan Gurma, ta sauke albasarta, direba ya kashe ta ya ce iyakarsa ke nan. Na ƙi sauka. Na haye buhun ƙarshe na ce sai dai a sauke mu tare. Aka kuwa sauke mu tare, ni da buhun, ƙartin tasha suka sunkuce mu suka dire a ƙasa. Na zagi direban da Hausa, ya rama da Zabarmanci, ba wanda ya ji na wani, amma kowa ya ƙoshi. Da zai tafi ya cika mini bakin zane da albasa yana dariya. Ban yi dariya ba, albasar dai na karɓa.

A Fadan Gurma kewar gida ta same ni da gaske. Ba mutanen gidan nake kewa ba, Allah ya sani. Ƙarar taɓaryar garinmu nake kewa, don matan Gurma dakansu daban ne, ba irin lugudenmu ba. Ina zaune a gindin tsamiya ina sauraron dakan da ba nawa ba, sai wata tsohuwa ta ajiye mini ƙwaryar kunu, ta dafa kafaɗata, ta wuce. Har yau in na ga baƙuwa a tasha ba na tambayarta daga ina take, ƙwarya nake fara miƙa mata.

A bakin rijiyar garin na gamu da Hammadi, wani dattijon Bafillace daga Masina, yana kora tumaki zuwa kasuwannin kudu. Tumakin garinmu gashinsu kwance yake kamar na akuya. Waɗannan kuwa kamar an tsoma su a zuma an birkiɗa su a rumbun auduga. Na zagaye su ina kallo har ya tambaye ni ko 'yar Haɓe ba ta taɓa ganin tunkiya ba ne. Na ce tunkiya na gani, tunkiya mai bargo ce ban gani ba. Muka shirya zan riƙa yi masa tuwo da miyar albasata, shi kuma ya kore mini kuraye da mazan hanya har Bawku. Na ce kurayen dai ya kora, maza ni zan ji da su.

Tafiyar ƙafa ce mai tsawo, faso ya tsattsage mini dugadugai, amma a nan na samu abin da ya canza mini rayuwa. Duk ƙayar da tumakin suka bi sai ta tsinke musu gashi. Na riƙa tsinta ina kaɗawa ina tafiya. Ulu ba auduga ba ne, yana da maiƙo, yana da taurin kai, sai ka lallashe shi. Da na kama hannunsa kuwa, zare ya fito mai laushi da ɗumi irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Hammadi ya ce a ƙasarsu duk shekara kayar da tunkiya ake yi, wasu su danne ƙafafu, wani ya bi da wuƙa ya yanke gashin a saƙa barguna, kuma aiki ne mai karya ƙugu.

A cikin garken akwai wani ɗan rago da gwiwoyinsa suka kumbura, kullum shi ne a baya. Ni ma kullum ni ce a baya, sai muka saba. Na riƙa gasa masa gwiwa da ruwan zafi, in ya gaza in saɓa shi a kafaɗa. Da muka iso Bawku Hammadi ya wasa wuƙa zai yanka shi tunda ba mai saye. Na tsaya tsakaninsu. Ya dube ni, ya dubi ragon, ya mayar da wuƙar kube ya ce wanda ya goyi rago shi ne uwarsa, in tafi da ɗana. Ban ƙara ganin Hammadi ba. In yana raye Allah ya ƙara masa garke, in ya riga mu Allah ya sa ya huta.

Daga Bawku na shiga lori, rago a cinyata, ruwan sama na dukan tamfol. Shekarar ce Golkos ta zama Gana. Duk garin da muka ratsa sabuwar tuta ce ke kaɗawa, fasinja su ɗaga hannu su ce "Firidom", wato 'yanci, mutanen bakin hanya su amsa. Wata mata ta ɓare mini dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Na ɗauka ya lalace ne, na ɓata fuska, ta yi ta dariya tana tura mini barkono da kifi. Yunwa ta raba gardamar. Kafin mu kai Tamale ni ma ina ɗaga hannu, ina ɗaga ƙafar ragona.

A Tamale aka gaya mini Ɗanjuma ya daɗe da gangarawa gonakin koko na kudu, ba wanda ya san wace. Na tsaya a layin 'yan goro, rago a gefe, babu ɗan'uwa, babu guzuri. Wani tsohon mai goro ya faɗa mini gaskiya: a garin nan baƙo ba ya zama sai da mai gidan da zai tsaya masa, mace kuwa mara miji mara ɗan'uwa ba kowa ke buɗe mata ƙofa ba. Da ya ga mazari na leƙowa daga ƙullina, sai ya kai ni unguwar Bulpiela, gidan wata Badagomba mai suna Mma Azara, wadda ke tara zare tana kai wa masaƙa.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, taba a baki, idonta kamar na shaho. Ta miƙo mini auduga. Na kaɗa. Ta ja zaren, ta ɗaga shi a rana, ta nuna mini wani ɗaki kusa da garken awaki. Hausarta irin ta Tamale ce, mace da namiji duk "ka" ne.

"Ka zauna, Saanpaga," in ji ta. "Amma ka ji da kyau. Ni ba na faɗa da unguwa. Ranar da unguwa ya ce ka tafi, ba zan riƙe zanenka ba."

Wannan ɗaki shi ne duk abin da nake da shi a duniya, shi da rago.

Na gaya mata sunana Kande, ta ce ta ji. Washegari ta sake kira na Saanpaga, wato baƙuwa da Dagombanci. Na sake gaya mata, da ɗan ƙarfi. Ta ce baƙo ba shi da suna sai ya nuna zama ya zo yi. Ban gane maganar ba sai da Sanatu, matar ɗanta, ta haihu. Jaririyar ma Saanpaga aka yi ta kiranta. Ranar suna wanzami ya aske mata kai ƙwal, Mma Azara ta tattara gashin tana gaya mini cewa a wurinsu jariri baƙo ne daga wata ƙasa, gashin da ya zo da shi ba na nan ba ne. In ya ajiye shi, na gida ya tsiro, to ya zama ɗan gida, sai a ba shi suna. Na ce to a kira wanzamin ya aske ni mu huta. Ta ce kaina ya yi wa askarsa tauri.

Kwanakin nan na ji daɗinsu. Tunda aka ga manyan ƙasa suna sa fugu, rigar saƙi ta mutanen arewa, kowane akawu sai ya ce shi ma fugu yake so, zare ya yi daraja. Muna kaɗi a inuwar tsakar gida, matan suna koya mini gaisuwar Dagomba mai durƙuso da "naa, naa" ba iyaka, ni ina koya musu lugude. Maƙwabciyarmu Ayishetu mai koko takan leƙo ta katanga ta tambaye ni ko ɗana mai bargo ya tashi lafiya. Ita dai tun farko ba ta yarda da ragon ba. Ta ce dabbar da ke yawo da katifarta a bayanta ba ta Allah da Annabi ba ce.

Da damina ta yi nisa ciwon ragon ya dawo. Gwiwoyi suka haye, ƙaiƙayi ya kama shi har yana gurje jikinsa da bango, ya daina cin dusa. Na saɓa shi na tafi ofishin dabbobi na bayan gari. Turawan wurin suna ta ɗaure akwatunansu, aiki ya koma hannun wani saurayi ɗan kudu, Dokita Kwabina. A wurin mahauta ya koyi Hausa, don haka da ashar yake gaisuwa bai sani ba. Na gyara masa gaisuwar tukuna, sannan na nuna masa mara lafiya.

Da ya ga ragon ya manta da ni. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa sa hannu a kan tunkiya mai ulu ba sai a hoto. Ya duba gwiwoyin, ya ɗauko wata 'yar kwalba yana riƙe da ita kamar ƙwai. Ya ce sabon magani ne, kotizon, kwanan nan ya iso ƙasar. Na ce ba a soka wa ɗana abin da ban san kansa ba. Sai ya zauna ya yi mini bayani, rabi da baki rabi da hannu. Wai a bisa ƙodar kowace dabba, har mutum, akwai wata 'yar tsoka da ke zuba wani ruwa cikin jini, shi ne ke kwantar da kumburi, shi ke riƙe jiki in wahala ta zo. Wannan na kwalba kwaikwayonsa ne masu ilimi suka haɗa, ya ma fi na jikin ƙarfi. Sai dai in jiki ya ji ana kawo masa daga waje, 'yar tsokar nan takan daina nata. Don haka ba a tsayar da allurar kwatsam, ragewa ake yi kaɗan-kaɗan.

Na ce, wato kamar maƙwabciya ce ta riƙa aiko miki da tuwo kullum har kika daina hura wuta, ranar da ta daina ba sallama gidanki ya kwana da yunwa. Ya tafa hannu ya ce haka ne, da malaminsu ya faɗa da wannan lafazin da bai sha wahalar jarrabawa ba.

Na yi ta kai ragon, kowane zuwa allurar tana ƙanƙancewa. Kumburi ya sace kamar an huda salka, ƙaiƙayi ya tsaya. Ci kuwa sai ka ce an aiko shi: ya cinye dusarsa, ya cinye ta awaki, ya ci gefen tabarmar Mma Azara. Ga shan ruwa, ga fitsari kamar kwata. Da ya soma tsalle na so in bar zuwa, don hanyar da nisa, amma na tuna da maƙwabciya mai tuwo, na ƙarasa. Abu ɗaya na lura da shi. Ina auna ulunsa da yatsa ina jiran ya yi tsawon da zan yanke, sai na ga duk lokacin allurar nan bai ƙaru ba, ya tsaya cak. Na ce ƙila ƙarfin duk ya tafi gwiwa.

Bayan an gama allura da 'yan makonni, wata safiya ina sosa masa wuya sai gashin ya biyo hannuna. Na ja a hankali, ya ci gaba da biyowa. Ragon ko motsi bai yi ba, tuƙa yake abinsa. Daga wuya zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa gadon baya har wutsiya, ulun ya taso gaba ɗaya a manne da juna kamar ana cire wa yaro riga. Babu jini, babu rauni. Ya fito siriri, jajaja, ya girgiza, ya dube ni kamar mai jin kunya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na tuna Hammadi da wuƙarsa da ciwon ƙugunsa, na ce ni Allah ya hutar da ni. Na ɗauki rigar yadda take, da wuyanta da wurin ƙafafunta, na shanya a kan katangar da ta raba mu da Ayishetu don ta sha iska. Na ɗauki zare na tafi wurin masaƙa. Mma Azara tana gonarta a Gbalahi.

Da na dawo na tarar da ƙofar gida cike da mutane, da suka gan ni suka dare kamar an jefa dutse cikin kaji. Mata suna janye 'ya'yansu. Mutanen Bulpiela ba su taɓa ganin an raba tunkiya da gashinta tana da rai ba. Abin da suka sani shi ne a yanka, a feɗe, a shanya fata. Ga fata a katanga, ga mai fatar yana yawo yana cin ɓawon rogo. Jikan Ayishetu kuma yana kwance da zazzaɓi mai zafi. A gaban mai unguwa ta faɗa, tana kuka na gaske, ba na makirci ba:

"Wanda ya iya feɗe rago da ransa, yaro fa? Me zai yi wa yaro?"

Ba ta ce mayya ba, amma kowa ya ji kalmar. Na kuma san akwai ƙauyen da ake kai matan da aka yi wa wannan tambari, ba sa dawowa. Mai unguwa, dattijo mai sanyin murya, ya ce a jira mai gida ta dawo da la'asar, amma in shirya ƙullina.

Ban shirya ƙulli ba. Na ɗaure zane na nufi ofishin dabbobi, na samu Dokita yana duba bakin wani jaki. Na ce allurarsa ta tuɓe ragona, ta tuɓe ni a gaban unguwa, ya tashi ya zo ya mayar mini da mutuncina. Bai gane ba sai da na kwance ɗan ulun da na ƙullo. Ya bar jakin da baki a buɗe. Ya ɗora ni a babur ɗinsa, ranar na fara hawa babur. Na riƙe rigarsa ina salati, yana kauce wa kekuna da ramuka yana tambayata ta kafaɗa ko har na ciki ya fita, ko har na wutsiya.

Da muka iso ya durƙusa a gaban ragon yana shafa shi yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ɗauki rigar ya nuna wa jama'a cikinta, ya ce su duba, ba fata ba ce, ba jini, ba nama. Na zaro sili ɗaya na nuna masa gindinsa, yadda ya sirance kamar zaren da mai kaɗi ta yi tana gyangyaɗi. Ya buga goshinsa. Ya ce ya taɓa karantawa cewa a ƙasashen sanyi in tunkiya ta sha yunwa ko zazzaɓi, ruwan nan na bisa ƙoda yakan yi yawa, saiwar gashi ta yi barci, ulu ya yi rauni a wuri ɗaya. Allurarsa ita ce ta sa saiwar barci a duk jikin lokaci guda. Da aka daina ta farka, sabo ya turo, tsoho ya tsinke a inda ya sirance.

Ni na gamsu. Unguwa ba ta gamsu ba. Mai unguwa ya tambaye shi ko ya san haka za ta faru lokacin da yake yin allurar. Dokitan nan mai gaskiya ne, Allah ya saka masa, amma ranar na so a ce ya iya ƙarya.

"Baba, ban sani ba," in ji shi. "Ban taɓa gani ba sai yau."

Gunaguni ya tashi: to ga shi, likitan ma bai sani ba. Wani ya ce a yi wa wata tunkiyar a gani. Dokita ya ce sai mai ulu, kuma duk Tamale babu wata. Na ga ɗakina yana sulluɓewa daga hannuna. Na miƙe na ce musu ni 'yar Musulmi ce jikar Musulmi, na ratso ƙasa uku da ƙafa da mazari, kuma in da ni mayya ce, da wani ɗan kamasho mai haƙorin Makka na fara ci a Yamai, da direbansa na yi kalaci. Wasu suka yi dariya suka rufe baki. Ayishetu ba ta yi ba.

Ana cikin haka Mma Azara ta shigo, fartanya a kafaɗa, taɓo har ƙwauri. An riga an tare ta a hanya da labari. Ba ta dube ni ba. Na tuna maganarta ta ranar farko, cewa ba za ta riƙe zanena ba. Ta ajiye fartanya, ta je ta ɗaga rigar ta sansana. Ta tsuguna wurin ragon, ta ɗora tafin hannu a bayansa, ta shafa gaba, ta shafa baya, ta daɗe. Sannan ta ce Sanatu ta kawo jaririya. Ta cire mata hula, ta ɗora hannu ɗaya a kan yarinyar, ɗaya a bayan ragon, ta rufe ido. Ta kira mai unguwa ta ce ya yi yadda ta yi. Ya yi. Ta kira Ayishetu, Ayishetu ta ƙi, sai ta kamo hannunta da ƙarfi ta ɗora.

Ni ma sai lokacin na shafa da kyau. Wani sabon gashi ne ke tsirowa, gajere, mai laushi, daidai da na kan jaririyar bayan aski.

Mma Azara ta tofar da tabarta ta ce, da Hausa don in ji:

"Abin da maye ya ci ba ya tsiro. Wannan rago baƙo ne, ya zo da gashin ƙasarsu. Yau ya ajiye shi, na Tamale ya fito. Ko allura ya aske shi ko wanzami, ni ba ruwana. A gidan ubana in baƙo ya ajiye gashin da ya zo da shi, ba korarsa ake yi ba. Suna ake yi masa."

Mai unguwa ya sake shafa ragon, ya sake shafa yarinyar, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa korar ɗan gida ba, kuma uwar ɗan gida ba ta kwana a waje. Dokita ya ce ko da yake shi na dabbobi ne, ya san zazzaɓin sauro in ya gan shi, ya ɗora Ayishetu da jikanta a babur ya kai su asibiti. Yaron ya tashi. Yanzu haka direban lori ne, in ya gan ni a hanya sai ya tsaya.

Mma Azara ba ta wasa da maganarta. Aka sa rana, ta ce Ayishetu ce za ta dama kokon suna, tukunya babba, kuma kyauta. Liman ya ce shi ba zai raɗa wa dabba suna ba, amma ya zo ya yi wa gida addu'a, ya sha koko har da ƙari. Makaɗa suka ji labari suka zo ba a gayyace su ba. Dokita ya zo da sabuwar fugu, ya gaida dattawa ba ashar ko ɗaya, ya nemi a sa wa ragon Kotizon. Aka ƙi. Firidom aka sa masa, don a shekarar nan ko kare aka haifa sunan da yake samu ke nan. Shi ne sunan da aka yi a Tamale ba a yanka rago ba. Zakara ne ya biya.

Da rana ta yi sanyi jama'a suka watse, ina tsugune ina wanke ƙore. Mma Azara tana kan kujerarta tana murza ɗan ulun da na shiɓe, tana ƙoƙarin kaɗa shi yana tsinke mata. Ta gwada, ta sake gwadawa. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Kande, zo ka nuna mini yadda ake kama wannan abu."

Ƙwaryar ta suɓuce mini. Na ce wa take kira. Ta ce akwai wata Kande a gidan nan ne? Na goge hannuna, na goge idona da bakin zane na ce sabulu ne, na je na zauna kusa da ita na kama hannunta na ɗora a kan mazari.

Da ulun nan na kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ɗan bargo, na kai wa jikan Ayishetu. Ita kanta sai da na ja mata rai, don ni ba na saurin hucewa. Dokita ne ya matsa mini in shiga ajin yamma, wai yana son a riƙa rubuta masa yadda sabon ulun ke tsawo, na yi ta ƙi har na gaji na shiga. Ya so ya ƙara yi wa Firidom allurar don ya ga ko zai sake tuɓewa, na ce mai lafiya ba ya shan magani, ya je ya nemo nasa ragon.

Da shekara ta zagayo ulun ya cika, ya fi na da tsawo, bai kuwa zube ba. Da wuƙa na yanke shi kamar yadda Hammadi ya faɗa, ƙuguna ya gaya mini. Mma Azara ta danne kai. Ayishetu ce ta riƙe mini ƙafafun baya.